Ka Ce Me Ya Haɗa Fasto da Kututture?

Ga ka nan ka yamutsa fuska tun ban buɗe baki ba. Ka ga fasto, ka ga kututture, ka ce lalle marubucin nan ya rasa abin rubutawa. Gyara zama tukuna, ɗan'uwa. Ku biyu nake nema yau: kai mai zuwa majami'a ran Lahadi da Littafi a hammata, da kai maƙwabcinsa mai carbi da ke murmushi a gefe, kana cewa yau dai ba da kai ake ba. Da kai ake, Malam. Layi ne, zai zo kanka.

Mai Littafi, kai ne na farko. Ka ce aikin ikilisiya ceton rayuka ne, itace kuwa aikin ma'aikatan gandun daji ne masu koren kaki? Madalla da wannan ilimi. To buɗe Littafin naka, kada ma ka wahalar da yatsa, sura ta 2 ta Farawa ta isa. Kafin a gina bagadi, kafin a kafa ƙungiyar mawaƙa, kafin wani ya ƙirƙiro kwanon baiko, aikin da aka fara ɗora wa ɗan Adam na gona ne, noma da tsaro. Noman ka riƙe shi da hannu biyu, na shaida maka. Tsaron fa? A wace kasuwa ka sayar da shi?

Ka ce ai sura ta 1 ta ba mutum mulki a kan duniya da abin da ke cikinta? Ashe kana karatu in abin ya zo daidai da son ranka! An ba ka mulki, gaskiya ne. Amma Zabura ta 24 ta faɗa maka mai dukiyar, kuma ba sunanka ta kira ba. Wanda aka ba kiwon shanu yana da sanda, yana da iko ya kora su gabas ko yamma, amma ranar da ya fara yanka su ɗaya bayan ɗaya yana cewa ai ni aka ba iko, a gaban alƙali zai kwana. Irin wannan karatu naka ne ya sa a shekarar 1967 wani masanin tarihi ɗan Amurka, Lynn White, ya rubuta a mujallar Science cewa babban kaso na laifin lalacewar muhalli yana wuyan Kiristancin ƙasashen Yamma. Malaman tauhidi sun yi shekaru suna zufa wajen ba shi amsa, kai kuma kana nan da gatari kana ƙara masa hujja.

Ci gaba da buɗe shafi. Littafin Firistoci sura 25 ya ce a bar ƙasa ta huta duk shekara ta bakwai. Yaushe rabon gonarka da hutu? Tun zamanin kakanka take haihuwar hatsi babu ko arba'in. Maimaitawar Shari'a sura 20 ta hana mayaƙa sare itatuwa masu 'ya'ya ko da sun kewaye birnin abokan gaba. A tsakiyar yaƙi ke nan fa. Kai ba yaƙi kake ba, kunu kawai za a dama, ka kwantar da aduwa sukutum.

Na ji ka, na ji ka. Ka ce duniyar nan ba gidanmu ba ce, mu baƙi ne, kuma duk za ta ƙone a ƙarshe. Kai, wannan baƙo da ƙarfin hali yake! Baƙon da ya yi rufin kwano, ya sayi babur, ya kafa faranti mai kama hasken rana don cajin waya, ya kuma je har gaban mai gari yana rigima kan iyakar gona taku uku. Duk waɗannan ba za su ƙone ba, sai gawon da ke tsakiyar gonarka ne wutar ƙarshe take jira, shi ya sa ka ce bari ka rage mata aiki. In da gaske baƙunta kake, ai baƙon kirki ba ya barin masauki a wargaje.

To bari in ba ku labarin wani da ya karanta Littafin nan bai tsallake shafi ba. Ba daga wata uwa duniya abin ya faru ba, nan ne cikin jiharmu ta Maraɗi, kudu da ku mutanen Ajekoriya ta Dakoro. A shekarar 1981 wani saurayi ɗan Ostiraliya, Tony Rinaudo, wanda ya karanta aikin gona, ya iso Nijar a ƙarƙashin mishan ɗin SIM, mutanen nan da suka kafa asibitin Galmi da na kutare a Danja. Aikin da aka ba shi har da dashen itatuwa. Ya yi renon 'ya'yan itace a leda, ya loda a mota, ya kai ƙauyuka, ya dasa, ya kewaye. Rana ta ci rabonta, gara ta ci nata, akuya ta zo ta share kwano, wanda ya tsira kuma iska ta binne shi da rairayi. Mafi yawansu suka mutu. Manoman ma ba su damu ba, don su a ganinsu manomin kirki shi ne wanda gonarsa take fes, babu ko tsinke a tsaye.

Wata rana a shekarar 1983, yana kan hanyar ƙauye da lodin dashe, ya tsaya rage iskar taya don motar ta iya ratsa rairayi. Shi da bakinsa ya sha ba da labarin cewa ransa a ɓace yake, har ya roƙi Allah ya gafarta wa mutane ɓarnar da suka yi wa halittarsa, ya kuma buɗe masa ido ya ga abin yi. Sai idonsa ya faɗa kan wani ɗan kurmi a gefen hanya, irin wanda ya sha wucewa yana ɗauka ciyawar banza ce. Ya matsa ya duba ganyen. Ashe itace ne, wanda aka sare tuntuni, saiwarsa na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa, kowace shekara yana tohowa, kowace shekara ana sassabe shi a ƙone. Ya ɗaga kai ya ga irinsa birjik har iyakar gani. Dajin da yake ta wahalar shigowa da shi a leda yana nan kwance ƙarƙashin ƙafarsa.

Ka ce to mene ne abin mamaki, wa bai san kututture yana toho ba? Yauwa, ka zo inda nake jiran ka. Kowa ya sani! Kakarka ta sani, akuyarka ma ta sani, shi ya sa take zuwa wurin kullum. Littafin Ayuba sura 14 ma ya yi zancen itacen da aka sare ya sake tohowa. Sani dai kowa na da shi, amma kowace bazara kai ne kake bi da adda kana aske tohon har ƙasa, ka tara, ka cinna wuta, ka koma gida kana taƙama ka gama sassabe.

Abin da aka sa wa suna sassaben zamani, wanda ma'aikata ke kira RNA da Faransanci, ba shi da wani sirri. Ka tsaya gaban kututturen sabara ko kalgo da ya fito da rassa goma sha. Ka duba waɗanda suka fi miƙewa, suka fi kauri, ka zaɓi uku zuwa biyar. Sauran ka cire su. Waɗanda ka bari ka rage musu ƙananan rassan gefe har wajen rabin tsayinsu, da adda mai kaifi, kana sara daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya yage. Ka ɗaura ɗan tsumma a jiki, duk mai wucewa ya san wannan yana da mai shi. Bayan 'yan watanni ka dawo ka sake gyarawa. Ruwa da abincin da saiwar ke rabawa rassa goma sha, yanzu na 'yan kaɗan ne, ga saiwar kuma ta riga ta yi zurfi tun kafin a haife ka. Cikin 'yan shekaru abin da kake tsallakewa ya fi ka tsayi. Babu leda, babu bokitin ban ruwa, babu jika ko ɗaya da ta fita daga aljihunka. Abin da ka cire kuma ya tafi murhu.

Yanzu Malam, ajiye murmushin, layi ya zo. Na ga bakinka yana motsi tun ɗazu. Ka ce ai mun san halin 'yan mishan, ba sa ba da allura sai da zare a jiki, wannan duk dabara ce ta jan mutane zuwa coci? To mu yi lissafi. Masu bincike da suka haɗa hotunan tauraron ɗan Adam da zagayen ƙafa, irin su Chris Reij, da Gray Tappan, da ɗan ƙasarmu Mahamane Larwanou, sun kiyasta cewa gonakin da suka sake yin itace ta wannan hanya a kudancin Nijar, musamman jihohin Maraɗi da Damagaram, sun kai hekta miliyan 5, da itatuwa wajen miliyan 200. Su wa ke noma waɗannan gonaki? Su Malam ne da 'yan'uwansa, waɗanda har gobe suna shimfiɗa buzu su yi azahar a inuwar itacen da suka rena. In da kowane kalgo yana mayar da mutum Kirista, da yanzu limamai sun rasa mamu daga Gidan Rumji har Magarya. Ba a ji ko ɗaya ya kai ƙara ba.

Kuma kada ka sa in tona maka asiri a gaban maƙwabcinka. Kai ne fa ka san hadisin da ya nuna cewa wanda ya dasa itace, duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba ya ci daga gare shi sadaka ce a gare shi. Ka iya karanta shi da larabci mai daɗi a wurin wa'azi. Da aka tashi aikatawa sai da Bature ya zo daga ƙarshen duniya, ya tsaya rage iskar taya a rairayi. Kai da mai Littafi jirgi ɗaya ya kwaso ku: kowa da nassi a baki, kowa da gatari a kafaɗa.

Ka ce ai da hatsi aka saye mutane? Nan kam ka taɓo gaskiya, ba zan murɗe ta ba. Da farko manoma ƙalilan ne suka yarda su gwada, aka yi ta yi musu dariya, wasu ma aka bi dare aka sare musu abin da suka bari. Sai ga yunwar 1984, wadda mutanen nan suka laƙaba wa El Buhari saboda ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya. Mishan ta raba abinci, ta kuma sa sharaɗin cewa mai karɓa ya bar itatuwa a gonarsa. Mutane suka bari, ba don Allah ba, don tiya. Da rabon ya ƙare, mafi yawansu suka wasa gatari suka koma gidan jiya. Ka ji daɗi ko? Dakata. Waɗanda ba su sare ba sun ga abin da ya faru: iska ta daina binne musu shuka har sai sun sake binne iri sau uku, matansu sun daina doguwar tafiya neman itacen girki, dabbobi sun sami ganye a tsakiyar rani, hatsin kuma bai ragu ba. Maƙwabci ya leƙo ta kan iyaka, ya yi shiru, baɗi ya bar nasa. Daga nan abin ya bi gona gona, ƙauye ƙauye, har inda motar mishan ba ta taɓa taka ba. Rinaudo ya bar Nijar a 1999, itatuwan ba su bi shi filin jirgi ba. Hatsin agaji yana iya sayen damina ɗaya, amma ba ya sayen shekara arba'in.

Ka ce itace a gona yana tara tsuntsaye, inuwarsa kuma tana kashe hatsi? Tsuntsu dai da fiffikensa yake zuwa, bai taɓa tambayar ko akwai masauki ba, kuma gonar da take fes ma ba ta tsira daga jan baki ba. Maganar inuwa kuwa, zo mu je gindin gawo a watan Agusta. Ɗaga kai. Ina ganyen? Babu. Sauran itatuwa suna yin ganye da damina, shi gawo sai ya tuɓe nasa ya zubar a ƙasa ya zama taki, ya bar rana ta sauka kan hatsi. Da rani, lokacin da kowa ya bushe, sai ya yi kore shar, ya zubo 'ya'ya, dabbobi su taru a ƙarƙashinsa su ci su bar maka kashi kyauta. Yanzu sunkuyar da kai ka dubi hatsin da ke gindinsa, karan ya fi kauri, ganyen ya fi duhu, zangarniyar ta fi ta tsakiyar fili. Wannan ba Bature ne ya kawo shi ba. Tsofaffin Damagaram suna ba da labarin yadda sarakunansu na da suke tsananta hukunci a kan mai sare gawo. Sauran itatuwan da ba su da wannan hali, ai shi ya sa aka ce ka riƙa rage musu rassa, ba a ce ka mayar da gonarka kurmi ba. Wani ƙiyasi da aka buga a 2009 ya ce wannan aiki yana ƙara wa Nijar hatsi wajen tan 500,000 a shekara. Ko ka ce masu ƙiyasin sun cika gishiri, ka raba biyu, sauran ma ya fi ƙarfin rumbunka.

Akwai wata hujjar taka da nake girmamawa, ita ce ta tsoro. Ka ce in na rena itace ya girma, ranar da na sare reshe ɗaya sai ga mai koren kaki da takardar tara. Wannan ciwo ne na gaske, kuma shi ya kashe itatuwa fiye da fari. Tun dokar Faransawa ta 1935, har dokar gandun daji ta 1974, itace a idon manomi kayan gwamnati ne da aka ajiye masa a gona don a ci shi tara. Wa zai yi renon abin da zai jawo masa sammaci? Gara a kashe shi tun yana toho. Amma ɗan'uwa, labarinka ya kwana biyu. An yi babban taron yaƙi da hamada a Maraɗi a 1984, an yi dokar karkara a 1993, an sake dokar gandun daji a 2004, sannan a watan Yulin 2020 gwamnati ta fitar da doka ta musamman a kan sassaben zamani wadda ta amince da haƙƙin manomi a kan itacen da ya rena. Ko kowane ma'aikaci yana bin ta sau da ƙafa, wannan wata magana ce, kuma dalili ne na zuwa ofishin magajin gari a yi tambaya da baki, a taru a je. Ba dalilin aske gona ba ne.

Ka ce wannan duk zancen kudu ne, mu nan Dakoro ruwanmu kaɗan ne, ga mu a bakin iyakar noma da kiwo, ga garken da ke saukowa daga Tarka, ga ɓarayin itace da dare? Ban ce ƙarya kake ba. Ƙasarku ta fi ta Madarunfa ƙishi, itace a wurinku ya fi jinkirin girma. Sai dai wannan hujjar a kanka take faɗuwa. Inda ruwa ya yi kaɗan, nan ne ɗan dashen leda ba shi da ko fatan kai wa baɗi, nan ne kuma tsohuwar saiwa ta fi daraja. Sabara, anza, magarya, aduwa, kandili, ai ba daga kudu aka yi musu rakiya ba, 'yan gida ne. Anzar da kake rainawa ita ta riƙe gidaje da yawa a shekarun yunwa, tambayi tsohuwar gidanku yadda ake jiƙa 'ya'yanta kwana da kwanaki kafin ɗacin ya fita. Maganar makiyayi da ɓarawo kuwa, mutanen Ɗan Saga a gundumar Agye sun sha irinta, suka kafa kwamitin tsaro na gari, da mata a ciki, da Fulani makiyaya a ciki, aka yi ƙa'ida aka sa tara. Makiyayin da aka zauna da shi aka yi dokar ya fi wanda aka kora da sanda kiyaye ta. Shi ma ganyen yake so ya tarar baɗi.

Sai kuma ka jefo ta ƙarshe, wadda ka ɓoye a aljihu: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Manoma suka yi aiki, Bature ya karɓi lambar yabo. E, a 2018 an ba Rinaudo lambar Right Livelihood a Suwidin. A wannan shekarar kuma an ba Yacouba Sawadogo, manomi daga Yatenga a Burkina Faso, wanda ya farfaɗo da busasshiyar ƙasa da ramukan shuka da ake kira zai. Ka ga ba fata ake dubawa ba. Amma ina tare da kai rabin hanya: itace miliyan 200 ba hannu biyu ne suka gyara su ba, kuma manoma da yawa sun kama hanyar da kansu ba tare da sun taɓa jin sunan wani ɗan mishan ba. To in haushin ne ya dame ka, ga hanyar ramawa a buɗe. Rena naka, mu zo mu ɗauke ka hoto.

Mai Littafi, kada ka lallaɓa ka gudu, ban sallame ka ba. Ka ga abin da bangaskiyar mutum ɗaya ta jawo da ya ɗauki ɓarnar ƙasa a matsayin abin tuba a gaban Allah. Kai fa, yaushe rabon da ka ji an yi wa'azi a kan wannan? An yi a kan zakka, an yi a kan biyayyar mata, an sake yi a kan zakka. Harabar majami'a kuwa ƙwal take kamar an yi mata aski, ana fitowa sujada kowa na rige-rigen inuwar bango, baƙar leda na rawa a kan shinge. Ran Kirsimeti a sayo amalanken itace ɗanye a dafa shinkafa, a ci, a gode wa Mahalicci. Ka ce wannan sabon yayi ne na Turawa? Fafaroma Francis ya fitar da doguwar wasiƙa sukutum a kan kula da duniya a 2015, Laudato si'. Ka ce kai ba ɗan Katolika ba ne? Babban taron masu bishara na duniya da aka yi a Cape Town a 2010 ya sa kula da halitta cikin aikin bishara. Ka ce ba ka je taron ba? To Maraɗi fa, ita ma sai da biza?

Ran 3 ga Agusta za a sake yin bikin dashen itace kamar kowace shekara. Manya za su sa farar shadda, a riƙe musu leda, a zuba ruwa da sabon bokiti, a tafa. Ku je ku tafa, babu laifi. Amma kafin nan akwai bazara, akwai ranar da kowannenku zai shiga gona da adda. Kai mai Littafi, kai Malam, in kun iso gaban kututturen farko, ku bar masa rassa uku, ku ɗaura tsumma. Wanda ya ga hatsinsa ya ragu bayan damina uku, ya zo ya same ni da shaidu biyu, ɗaya daga coci ɗaya daga masallaci.